Gidan kai: ina rabon ƴan kasuwa a tsarin gidaje na gwamnati?

Duk wanda ke zaman haya a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san wata irin sallama da ake yi a ƙofar gida idan wata ya mutu. Sallamar mai gida ce, ko yaronshi, ko dillalin da ya wakilta. Wannan sallama ba ta jiran ciniki ya yi kyau. Ba ruwanta da an rufe iyaka, ko kaya sun yi kwantai, ko yaro ya kwana a asibiti. In babu kuɗi, sai a fara ban haƙuri. In aka yi wata biyu ana ban haƙuri, sai ka ji an ce mai gida zai yi gyara, ko ɗanshi zai yi aure yana son ɗakin.

A gidan rediyo, duk ranar da muka buɗe layi a kan maganar muhalli, waya ba ta hutawa har lokacin shirin ya ƙare. Yawancin masu kira ƴan kasuwa ne da mata masu sana'a, kuma tambayarsu ɗaya ce ko da kalmomin sun bambanta: muna jin ana cewa gwamnati ta yi doka, ta buɗe banki, ta rage kuɗin siminti, to mu ta wace ƙofa za mu shiga? Wannan tambaya muka ɗauko yau, domin mu bi ta daki-daki.

Lissafin da ke hana barci

Mu ɗauki misalin mace mai saida kayan miya, tana biyan jikka 15 duk wata a kan ɗaki ɗaya da ƴar rumfa, irin wanda ake ce ma antire-kushe. A shekara jikka 180 ke nan. In ta shekara 20 a haka, ko da ba a ƙara mata ko dala ba, ta biya miliyon 3 da jikka 600. Ranar da za ta tashi kuwa, ko ƙusa ɗaya ba ta da ikon cirewa daga bango. Kayan aro ba ya rufe katara.

Me ya sa ɗakin ke tsada? Mutane ne suka yi ma gidaje yawa. Ƙidayar jama'a ta 2001 ta samu ƴan Nijar miliyon 11. Ta 2012 ta samu sama da miliyon 17, ana ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a kowace shekara. Yamai, wadda ba ta wuce mutum wajen 30,000 ba lokacin samun ƴancin kai a 1960, ta haura miliyon 1 a 2012. Birnin Maraɗi kuma ya wuce mutum 260,000 a wannan ƙidaya. Lissafin da hukumomi suka daɗe suna ambata shi ne ƙasar na bukatar sabbin gidaje wajen 40,000 a kowace shekara, 5,000 daga ciki a Yamai.

Sai kuma ruwa ya zo yana rage abin da ke akwai. A damanar 2024, alƙaluman gwamnati sun nuna mutane kusan 400 sun rasu, ambaliya ta shafi sama da miliyon 1 da rabi, gidaje sama da 150,000 sun rushe. Mutanen Maraɗi ba za su manta da 30 ga Agusta na wannan shekara ba, ranar da aka samu ruwa wajen milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi. In aka auna da wancan lissafi na 40,000, damana ɗaya ta cinye kusan abin da ƙasa ke bukatar ginawa cikin shekara huɗu.

Abin da gwamnatoci suka yi

Gaskiya ita ce ba a zauna hannu rungume ba. Tun farkon shekarun ƴancin kai akwai hukumomi biyu da aka ɗora ma wannan aiki. Crédit du Niger ta riƙa ba da bashin gini, SONUCI kuma tana yanka filaye tana gina gidaje. Da su da wasu tsare-tsare na haɗin gwiwa da ƙasashen waje aka samu unguwannin da ake kira site a Yamai, irin su Site Faisal. Amma in aka tattara duk gidajen da gwamnati ta gina da hannunta tun daga 1960 har zuwa shekarun 2000, ba su wuce ƴan dubbai kaɗan ba, kuma mafi yawansu a babban birni suke, a hannun ma'aikata.

A farkon shekarun 2000, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka fito da wata dabara: gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashin da suke bin ta da filaye. Dubban farsel aka raba. Ma'aikata da yawa ba su da kuɗin gini, sai suka saida. A nan ne wasu ƴan kasuwa suka samu shiga, amma masu ƙarfi daga cikinsu, waɗanda ke iya sayen fili goma su ajiye suna jiran ya yi tsada. A 2005 kuma, saboda wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai ta karɓi baƙuncinsu, aka gina unguwar Farankofoni.

Sannan ga gidajen bukin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi jaha-jaha. Mun ga Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. An yi tituna, an sa fitilu, an gina gidajen saukar baƙi. Garuruwan sun yi kyau, babu mai musu. To amma mai saida ƙuli-ƙuli a kasuwa ba ta taɓa sa ran ɗaya daga cikin waɗannan gidaje zai zo hannunta ba, kuma ba ta yi kuskure ba. Abin da ƙananan ƴan kasuwa da yawa suka fi tunawa da shi a lokutan gyaran gari shi ne rushe rumfuna da kiyos na bakin titi, kamar yadda aka yi a Yamai a 2016.

A wa'adinshi na biyu, daga 2016, shugaba Isufu Mahamadu ya yi alƙawarin gidaje masu sauƙin kuɗi 25,000 cikin shekara 5. Abin da aka gina bai kai ko kusa da haka ba. Ko da ma an cika alƙawarin, gida 5,000 ne a shekara, wato kashi ɗaya cikin takwas na bukatar ƙasa.

Dokar 1998, bankin 2018

Ginshiƙin duk wannan magana wata doka ce mai lamba 98-54 ta ranar 29 ga Disamba 1998, wadda ta shimfiɗa manufar ƙasa a fannin muhalli. Dokar ta tanadi abubuwa masu kyau: asusun ƙasa na gidaje, banki na musamman domin gidaje, hukumar gyaran tsofaffin unguwanni, da ƙarfafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa da na ajiya domin gini. Wanda ya karanta ta zai ce an gama magana.

Sai dai asusun bai samu takardar kafuwa ba sai a 2017. Bankin kuwa, wato BHN, sai a watan Disamba na 2018 aka buɗe ƙofarshi a Yamai, da jarin sefa miliyar 10. Shekara 20 cif tsakanin doka da banki. Yaron da aka haifa a ɗakin haya ranar da aka sa hannu a dokar, ya isa neman ɗakin hayar kanshi ranar da aka yanke ƙyallen bankin.

Mu kuma duba jarin. In kowane gida zai ci miliyon 10, miliyar 10 gida 1,000 za ta gina. Shi ya sa banki irin wannan ba ya rayuwa da jarinshi kaɗai, sai ya samu ajiyar jama'a da kuɗi masu dogon zango. Domin wannan ne ƙasashen UEMOA suka kafa wani asusu mai suna CRRH a birnin Lome a 2010, wanda ke ranta ma bankuna kuɗi na shekaru masu yawa domin su ma su ranta ma masu gini. A 2017 Bankin Duniya ya ware dalar Amurka miliyon 155 domin tallafa ma wannan tsari, kuma cikin manufofin har da kai bashin ga iyalan da ba su da albashi, ta hanyar ƙananan asusun ajiya da bashi. A takarda dai an tuna da mu.

Ƙofar da ake kira takardar albashi

Ga inda gizo ke saƙa. Idan ka je banki neman bashin gini, abu uku za a fara tambayar ka: takardar albashi, shaidar cewa albashin ta wannan banki yake biyowa, da takardar mallakar fili wadda za a riƙe jingina. Ɗan kasuwa ba shi da ta farko, ba shi da ta biyu, kuma sau da yawa ta ukun ma ba irin wadda banki ke so ba ce.

Mu yi lissafi a fili. A ce an ba mutum bashin miliyon 5, zai biya cikin shekara 15, da ruwa kashi 8 cikin 100 a shekara. Duk wata zai riƙa zuba wajen jikka 48, kuma kafin ya gama ya biya kusan miliyon 8 da jikka 600. A watan Janairu na 2024 aka ɗaga albashi mafi ƙanƙanta a Nijar daga sefa 30,047 zuwa 42,000. Ke nan biyan wata ɗaya ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci gaba ɗaya. Tunda kuma bankuna ba su cika yarda biyan bashi ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu ba, sai mai samun wajen jikka 145 a wata zai iya ɗaukar wannan bashi. Miliyon 5 ɗin ma, a manyan garuruwa, da wuya ta sayi fili ta kuma gina shi da siminti.

Abin mamaki shi ne, a kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram akwai mata da maza da yawa da ribarsu ta wata ta wuce jikka 145. Ba su da takardar da za ta faɗa ma banki haka, shi ke nan. Kuɗinsu na cikin kaya, cikin adashe, cikin tumaki da ake kiwo a bayan ɗaki. Wasu kuma ba su yarda da banki ba, kuma suna da dalili, domin manya sun ga yadda BDRN ya durƙushe a 1990, matasa kuma sun ga ƙananan asusun ajiya da suka rufe da kuɗin mutane a ciki. Akwai kuma maganar addini. Ƴan kasuwa da yawa ba za su taɓa bashi mai ruwa ba ko da za su mutu a haya. Duk tsarin gidajen da bai yi la'akari da wannan ba, ya bar rabin kasuwa a waje tun kafin a fara.

Saboda haka yawancin gidajen garuruwanmu masu su ne suka gina su da kansu, sannu a hankali. Bana a sayi fili, baɗi a zagaye shi, shekara mai zuwa a tada ɗaki ɗaya a shiga, sauran sai yadda Allah ya hore. Wannan ita ce hanyar da ta gina Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma matakin gwamnati da zai taimaki talaka shi ne wanda ya sauƙaƙa wannan hanya.

Siminti: matakin da ya taɓa kowa

A nan dole a yaba abin da ya cancanci yabo. A watan Oktoba na 2024, bayan ɓarnar ambaliya, hukumomin ƙasa ƙarƙashin Janar Abdurahamane Tiani suka sauke ma kamfanonin siminti na cikin gida wasu haraji, aka kuma ƙayyade farashin siminti mai lamba 32.5, wanda aka fi gina gidaje da shi. Ragin ya kai wajen kashi 35 cikin 100. Aka sa tan ɗaya jikka 55 a Yamai, jikka 51 a Tawa, sauran jahohi kuma gwargwadon nisansu. Tawa ta fi sauƙi ne saboda a cikin jahar masana'antun Malbaza da Badagishiri suke.

Tan ɗaya buhu 20 ne mai kilo 50. A kan jikka 55, buhu ya kama sefa 2,750. Mai ginin da zai ci tan 10 ya samu sauƙin wajen jikka 300, kuɗin da zai iya sayen ƙofofi da tagogi. Kyan wannan mataki shi ne ba a tambayi kowa takardar albashi ba. Minista da mai tallan goro farashi ɗaya aka sa musu.

Amma ƴan kasuwa sun fi kowa sanin cewa farashin takarda daban, na kanti daban. A watannin da suka biyo baya mun sha karɓar kiran masu sauraro suna kukan siminti ya yi wuyar samu, ko kuma sai an ƙara wani abu a kai. Idan bukata ta fi abin da masana'anta ke fitarwa, ƙayyade farashi kaɗai ba ya cika kanti. Kuma gida ba siminti kaɗai ba ne. Akwai ƙarfe, kwano, katako, fenti da wayar wuta, waɗanda yawancinsu daga waje suke zuwa. Mun ga yadda suka yi tsada lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yuli 2023. Manya kuma suna tuna karyewar darajar sefa ta Janairu 1994, lokacin da kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, gine-gine da yawa suka tsaya a linta.

Fili da takardarshi

Kafin siminti akwai fili, kuma a nan ne ƴan kasuwa suka fi yin asara. Takardun fili hawa-hawa ne. Akwai takardar mai unguwa ko ta mai gona, wadda shaida ce kawai cewa an yi ciniki. Akwai takardar meri ta filin da aka yi ma lotisman, wadda ake kira akt da sesiyon. Sannan akwai ta ƙoli, titir fonsiye, wadda ake rubutawa a kundin filaye na ƙasa. Ita ce banki ya fi amincewa da ita, ita ce kuma ta fi ƙarfi gaban alƙali. A karkara da gefen gari kuma akwai kwamitocin filaye, wato kofo, waɗanda suka samo asali daga dokar karkara ta 2 ga Maris 1993.

Da can samun titir fonsiye aiki ne na masu hali, saboda tsada da yawan zirga-zirga. A 2006 gwamnati ta fito da wata sauƙaƙƙiyar hanya da aka raɗa ma suna da Hausa, Sheda, domin rage kuɗi da lokaci. Mataki ne mai kyau, amma har yau in ka zagaya rumfunan kasuwa ka tambaya, kaɗan ne za su ce maka sun taɓa jin labarinta. Doka in ba a kai ta kunnen jama'a da harshensu ba, tana nan kamar ba a yi ba. Haka ya faru da dokar haya mai lamba 96-016 ta 18 ga Afrilu 1996, wadda ta tsara haƙƙin mai gida da na ɗan haya: shekaru suka shuɗe yawancin masu haya ba su san da ita ba.

Sauran matsalolin kowa ya san su. Fili ɗaya a saida ma mutum biyu ko uku. A yanka farsel a hanyar ruwa ko cikin tsohon tafki, a saida da rani, damana ta zo ta nuna gaskiya. A yi lotisman nesa da gari babu famfo, babu wuta, babu hanya, mai fili ya shekara goma bai iya zama ba, yana biyan haya a cikin gari. A Yamai ma har dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 domin ya kare birnin bai tsira daga masu yankan filaye ba.

Iyayenmu mata, ga taku ta musamman. Sau nawa mace ke kwashe adashenta ta zuba a ginin da ke kan filin miji, ba takarda, ba shaidu? Ana zaman lafiya babu mai tunawa. Ranar da aure ya mutu, ko mai gida ya rasu aka zo rabon gado, sai a ce gida na mai fili ne, ita kuma ta koma haya da tsufanta. Ba rashin yarda ba ne mace ta ce a rubuta abin da ta zuba, gaban shaidu biyu. In kuma fili nata ne, to sunanta ya kamata ya hau takarda, ba na ƙane ko na ɗa ba.

Laka ba abin kunya ba ce

Akwai wata hanyar rage tsadar gini da muke takawa da ƙafa kullum. Bayan kowace ambaliya sai a ce ginin laka ne ya jawo. Amma magina na gargajiya za su gaya maka abin da ke kada ɗakin laka: tushe marar ƙarfi, rashin indararo mai kyau, rashin yaɓe kafin damana, da gini a inda ruwa ke kwanciya. Masallacin Yama a jahar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da laka, ya ci babbar kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986.

Tun 1980 aka fara gwada ginin da babu icce a Cikal, yankin Filinge, inda ake rufe ɗaki da tubalin laka a siffar baka ko tulluwa, ba azara ba kwano. An horar da magina da yawa a kan wannan fasaha. Amfaninta a fili yake, tunda azarar giginya ta yi wuya ta yi tsada. A 2016 kuma aka kammala wasu gidaje shida masu bene a Yamai, da ake kira Niamey 2000, da tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji a sa mishi siminti kaɗan. Cikin waɗanda suka zana su har da ƴar ƙasarmu Mariyam Isufu Kamara, wadda kuma ta yi aikin masallaci da kasuwar Dandaji a jahar Tawa. Irin wannan ɗaki ya fi na bulo sanyi a watan Afrilu, ga shi ba ya cin siminti da yawa.

Abin da ya rage shi ne gwamnati ta ba da misali. Ranar da aka ga ana gina ofisoshi da azuzuwan lakwal da wannan tubali, aka kuma sa injin matse shi a kowace komin, ranar ce mutane za su daina ganin ginin ƙasa a matsayin alamar talauci.

Abin da muke roƙon magabata

Na farko, a buɗe ma marar albashi ƙofa. Ɗan kasuwa yana da takardun patanti, yana da rumfa da aka san shi da ita, yana da shugabannin kasuwa da za su tsaya mishi. In ya yi shekara biyu yana ajiya a kai a kai, wannan littafin ajiya ya isa ya tsaya a madadin takardar albashi. Tunda hukuma ta san hanyar rumfarshi ranar karɓar haraji, bai kamata ta ɓace mata ba ranar rabon bashi.

Na biyu, bashin ya dace da yadda muke gini. Jikka 500 na zagaye fili, in an biya a ƙara miliyon 1 na ɗaki da makewayi, in an biya a ƙara na rufi. A kuma samar da hanyar da ba ta da ruwa, inda banki zai sayi siminti da kwano ya saida ma mutum da riba sananniya, ya biya sannu a hankali, kamar yadda bankunan Musulunci ke yi.

Na uku, meri ta daina saida fili tsirara. A kai famfo da hanya da magudanar ruwa tukuna, a yanka ƙananan farsel da talaka zai iya saye, a ware kaso na mata da ƙananan ƴan kasuwa, a yi ƙuri'a a bainar jama'a, a karanta sunaye a rediyo. Wanda ya riga ya mallaki fili a garin kada a ƙara mishi.

Na huɗu, sauƙin da aka yi ma siminti a duba yadda zai kai ga kwano da ƙarfe. A kuma yi hattara kada hannun dama ya bayar na hagu ya karɓe. Ba a manta ba yadda harajin zaman gida da ya zo cikin kasafin kuɗin 2018 ya kasance cikin abubuwan da suka fito da ƙungiyoyin fararen hula kan titi.

Abin da ke hannunmu

Mu ma akwai namu. A nan jahar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE: mata su taru, su zuba kaɗan-kaɗan duk mako cikin akwati, su ranta ma junansu. Dabarar ta bar Nijar ta bazu ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Matan da suka koya ma duniya wannan ba za su kasa haɗa ƙungiyar gidaje ba. Mata 30 masu zuba jikka 5 duk wata suna tara miliyon 1 da jikka 800 a shekara. Ƙungiya mai rijista tana iya sayen fili babba ta raba, ta sayi siminti a farashin sari, ta ɗauki magini ɗaya, kuma in ta je meri ko banki za a saurare ta fiye da mace ɗaya. Dokar 1998 da kanta ta ambaci irin waɗannan ƙungiyoyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin nan, duk mai niyyar sayen fili ya kiyaye abu huɗu. Ya je ya ga filin da idonshi a watan Agusta, bayan an yi ruwa mai yawa. Ya ɗauki lambar farsel ya kai ofishin filaye na meri a duba sunan wa ke cikin kundi, kafin ya fitar da ko dala. Kada ya biya kuɗi a hannun dillali sai gaban mai filin da shaidu, a rubuta, in da hali gaban noter. In ciniki ya faɗa, ya juya takarda zuwa sunanshi nan da nan, ya kuma tambayi yadda ake samun Sheda. Kuɗin da zai kashe a nan bai kai abin da shari'ar fili ke ci ba.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba dokar haya: wata nawa na abans mai gida ke da ikon nema, da kuma wa'adin da ya wajaba ya ba ɗan haya kafin ya tashe shi. Allah ya ba kowa inda zai sa haƙarƙarinshi, ya kuma sa albarka a kasuwa.